Abin da Ya Riƙe Layin Kusiri

A shekarun da hanyar jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ta lalace, ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar New Bell ta birnin Duwala, can bayan kasuwar Kongo. Motocinmu kan ɗauki shinkafa da sabulu da atamfa su haura Garwa da Marwa har Kusiri, su dawo da albasa da wake a sauke a kasuwar Sandaga. Aikina sallamar motoci. Duk motar da za ta tashi, daga nan ko daga can, sai an shigar da kayanta a manhajar kamfanin, wadda uwar na'urarta ke ofishinmu na Duwala, sannan takardar hanya ta fito.

A lokacin mota ba ta bin hanyar Mora ita kaɗai, sai cikin ayari da rakiyar sojoji. Wanda ayari ya tashi ya bari sai ya jira na gaba, albasa kuwa ba ta san jira ba.

Ana cikin haka manhajar ta fara jan ƙafa a rassa. A wurinmu kana dannawa take buɗewa. A can magatakarda zai danna, ya je ya yi alwala ya dawo, abin yana ta juyawa. Wayata ta daina hutawa. Duk kiran da na ɗauka sai in ji, "Ça ne passe pas, abin ya ƙi wucewa, direbobi sun cika mana ƙofa!"

Mai kula da kwamfutocinmu mace ce, haifaffiyar unguwarmu, injiniya, ta yi karatunta duka da Faransanci. Ƙawar babbar yayata ce, don haka ko a ofis Yaya nake ce mata. Ba ta da hayaniya. Ranar da Alhaji, mai kamfanin, ya shigo a fusace ya ce a canza kwamfutocin rassan gaba ɗaya, sai da ta bari ya sauke numfashi.

"Alhaji," ta ce, "a bar ni in san ciwon tukuna kafin a sayo magani."

Ta zauna kusa da teburina tana kiran rassan. Ba ta yarda a ce mata kawai abu ya ƙi. Takan tambaya: da wane lokaci yake ƙi? A wane shafi? Kwamfuta ɗaya ce ko duka? Daga nan ta aika ɗan saƙon gwaji ta ga yadda yake zuwa ya dawo. Na Garwa bai ba ta wahala ba, kwamfutocinsu ne ke sabunta kansu ana tsakiyar aiki suna cinye layin, ta mai da abin sai bayan an tashi. A Marwa ta sa aka ja kabad, aka tarar ɓera ya gwaigwaye wayar da ta taso daga akwatin intanet. Aka sa sabuwa.

Kusiri ce ta tsaya mata. Da safe aiki sumul, da zarar an yi la'asar komai ya tsaya cak, kuma a daidai lokacin ne ake shirya takardun ayarin washegari. Masu ba mu layi suka rantse nasu lafiya yake. Alhaji ya fara cewa ko shugaban reshen ne tsufa ya ci ƙarfinsa.

Wata la'asar ana tafka ruwa irin na Duwala, kwata ta cika har ta hau titi, Yaya ta shiga akwatin intanet na Kusiri daga inda take zaune. Ta yafuto ni.

"Zo ka gani. Kwamfutocinsu ga su nan, ba su da yawa. To waɗannan fa?"

Wayoyin hannu ne, jere har ƙasan allo. Ta kira shugaban reshen, wani dattijo Babarbare, ta buɗe murya ina ji. Sai da suka gaisa sosai, ta tambayi iyali da zafin gari.

"Baba, su waye ke shan ruwa a rijiyarmu da la'asar?"



"'Yata," ya ce, "mutanen da suka gudo daga ƙauyukan bakin iyaka ne. Suna zaune a wani fili bayan ofis. Wata tsohuwa ce ta fara zuwa, tana neman ɗanta, ba ta san ko yana da rai ba. Na sa mata lambar sirrin intanet ɗinmu a wayar jikarta. Ta same shi a Maiduguri. Kin san labari irin wannan ba ya kwana. Yanzu da rana ta yi sanyi sai su jeru a jikin katanga. Na kasa korar su."

Ni dai na ɗauka shi ke nan, za ta canza lambar a wuce wurin. Amma ba haka ta yi ba.

"Baba, kada ka kori kowa yau. Ka ba ni zuwa gobe."

Abin da ta yi, kamar yadda ta bayyana mini, raba hanyar ta yi biyu. Babbar ta manhaja ce, ita ke fara wucewa ko da yaushe. Ƙaramar ta bar wa mutanen katanga, ba ta taɓa komai na kamfani, tana ɗaukar kiran murya da saƙo amma ba ta ɗaukar bidiyo. Ta gwada, ta sake gwadawa, sannan ta miƙe ta gyara mayafinta ta nufi ofishin Alhaji, ta ce in biyo ta.

Ba ta ɓoye masa komai ba. Alhaji ya tuɓe hula ya ajiye.

"Kin san zamanin da muke ciki? In wani mugu ya yi waya ta layina, jandarmomi ƙofar wa za su buga?"

"Taka, Alhaji. Gaskiyarka ce. Shi ya sa nake ganin Baba ya je wurin bulaman unguwar, shi ya san kowa a filin nan. Lambar ta zauna a hannunsa, ina canza ta lokaci lokaci. In ka ce a rufe kuma, yanzu zan rufe."

Ya juyo gare ni. "Kai, takardun Kusiri sun fito?"

"Sun fito, ranka ya daɗe. Har an ba direbobi."

Ya mai da hularsa. "To a gaya wa bulama. Amma in na ji wani abu, ke zan kira."

Ba mu ji komai ba. Motocin suka riƙa samun ayari, wayata ta yi sauƙi. Bayan wani lokaci aka mai da mutanen filin wani sansani, wasu suka koma garuruwansu, Yaya ta rufe ƙaramar hanyar da kanta.

Kafin su tashi, wani direbanmu ya sauko da buhun bandar kifi, ya ce matan katanga ne suka haɗa, a kai wa "matar Duwala". Yaya ta yi ta mamaki, don ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta kwance buhun a tsakar ofis ta kasa wa kowa, har mai gadi. Ta ɗebi kaɗan a leda ta miƙo mini ta ce in kai wa yayata, in gaya mata ranar Lahadi za ta zo cin miya.