Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Fari a Jirgin Katako

Duk abin da tsufa zai goge mini, ba zai goge ranar da na hau jirgin katakon nan na wurin wasa da ke bakin teku a Brooklyn ba. Lokacin muna zaune a unguwar Tremont, maigida yana jan tasi a filin jirgin sama na JFK, 'yata ta fari kuma ta soma zama budurwa.

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa. Haka aka yi mini, haka na yi mata. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". A wurina kunya ce. Ita kuwa da ta tashi tana ganin iyayen ƙawayenta suna sumbatarsu a ƙofar makaranta, sai ta ɗauka ƙi ne. Ta daina zama kusa da ni. Wata rana na ji tana gaya wa ƙanenta da Turanci wai Mama ko sunanta ba ta so. Na yi kuka a kan sallaya, amma bakina ya kasa furta sunan.

Bayan babbar sallah maigida ya kai mu wurin wasan. Yarinyar nan ta tsaya tana kallon tsohon rola-kosta, jirgin nan da ke hawa sama ya sulalo, katakonsa na ƙara kamar tsohon gado. Ƙannenta tsayinsu bai kai ba, babansu kuma ya ce tasi ta riga ta cinye masa baya. Sai ta ce ba komai, ita kaɗai za ta hau, ai ta saba. Maganar ta soke ni. Na tamke gyalena, na yi bismillah, na bi ta.

Benci ɗaya ne, sandar ƙarfe ɗaya ta danne cinyoyinmu mu biyu. Muna kaiwa ƙololuwa na hango teku, sai kawai ƙasa ta ɓace. A kwanar farko jirgin ya watso ta jikina, na ji tana ɗagowa daga mazauninta. Ban san sa'ad da na ƙanƙame ta ba, ina ta kiran sunanta na yanka, ina haɗawa da salati.

Da muka sauka, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Mama, ashe kin san sunana."

Na ce, "Ke, wa kike tsammani ya zaɓe shi?"

A hanyar komawa, a kafaɗata ta yi barci.

Daga baya na ga na zamani, na ƙarfe, kowa an ɗaure shi a kujerarsa, ko hannun na kusa ba ya iya kamawa. In aka tambaye ni ko a dawo da irin na da, zan ce a dawo da su, ba shakka. Har gobe ba na kiran sunanta cikin mutane, kuma ta san dalili. Abin da jirgin nan ya koya mini shi ne, ƙaunar da yaro bai san da ita ba, a wurinsa babu ita.