Karan da Kaka Ta Kafa a Bakin Gulbi

Damina ce, irin wadda gero ke yin kyau a tudu amma hankalin mutanen fadama ba ya kwanciya. Shekarar ta zo mini da nauyi. Ban daɗe da fita takaba ba, katangar bayan ɗakina ta jiƙe ta zube, sai kuma ga ɗiyata ta dawo Gwandu daga jami'a da jakarta, idanu jajur. Ta faɗi darasi ɗaya, kuma shi ne ginshiƙin karatun lissafin da take yi. An ce ta koma ta maimaita.

Wan maigidana, wanda maganar yara ta koma hannunsa, ya yanke hukunci tun a zaure. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce lissafin nan ba ya warkar da kowa, ba ya cika rumbu. Ta bar shi, zai nema mata gurbi a makarantar koyon jinya.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, ina goye da ƙanen ɗiyata na koyi rubuta sunana. Duk da haka na zaunar da ita a tsakar gida ina tsintar wake, na ce, "Gaya mini da Hausa, mi ne ne wanga darasi da ya kada ki?"

Ta ce, "Inna, lissafin yadda abu ke canzawa ne. Saurin tafiyar abu za a ba ki, ke ki gano inda zai kai da lokacin da zai kai. Da shi ake sanin yaushe shayi zai huce, yaushe ruwan tanki zai ƙare, yadda cuta za ta bazu a gari."

Na ajiye faifan. Ai na san darasin nan. Na taɓa ganinsa da idona a Kalgo, ina 'yar shekara tara, a hannun matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Kakata ta wajen uba ƙaramar tsohuwa ce mai warin hayaƙi da man shanu. Tana da 'yar gonar shinkafarta a fadama, gefen gandun 'ya'yanta uku. A wata damina gulbi ya fara tasowa shinkafa kuwa saura mako guda ta nuna. Har yau ina jin warin laka da kukan kwaɗi na kwanakin nan. Kaka ta kafa karan dawa a bakin ruwa. Kullum da hantsi sai ta ja ni mu je, ta duƙa, ta tsaga karan da wuƙa daidai inda ruwa ya tsaya, ta auna da yatsunta. Ranar farko ya hau yatsa biyu. Washegari ya ƙara huɗu. Rana ta uku ya ƙara takwas.

Ta sami babana da ƙannensa suna cin tuwo, ta ce a yanke shinkafa yau.

Babban ƙanen babana ya yi dariya. "Haba Inna! Kwana ukku taƙi guda ya ci, kuma saura kamu biyu ya iso gona. Ko kwana goma muna da shi."

Ta ce, "Kai inda ruwa ya tsaya kake kallo. Ni ƙafarsa nika kallo, kullum ninka taku yake yi. Jibi yana gonarka."

Suka ce tsufa ne. Suka ce ɗanyar shinkafa asara ce. Kaka ta juya ta bar su. Ta ɗauki lauje, ta tattara mu jikoki mata da surukarta ɗaya da ta yarda, muka shiga gonarta. Masu wucewa suna tsayawa suna tambaya ko lafiya. Ba ta ɗaga kai ba. Kwana biyu muna yanka muna jidowa tudu, ƙaiƙayi na cin wuyanmu.

Ruwan bai zo jibi ba, sai gata da safe. Ya shafe gandun kaf, ko kan zangarniya ba a gani. Shinkafar Kaka, wadda ta turara ta shanya a ɗaki, ta fito da tsaki da yawa, amma ita gidan ya ci har girbin gero. Abin da ya fi ba ni dariya yanzu, ba ta taɓa yi wa 'ya'yanta gori ba. Haushinta ɗaya, ta yi kuskuren kwana guda. Har ta rasu tana cewa da ta riƙa aunawa safe da yamma da ba ta kuskure ba.

Yanzu rediyo da waya ke faɗin zuwan ambaliya, kuma ɗiyata ta ce da irin lissafinta ake ganowa. Amma mutane ba su canza ba. Har yau sai ka ga namiji tsaye a bakin gulbi yana cewa ai ruwa na da nisa.

Na ce wa ɗiyata ta kawo mini littattafan aikinta na darasin. Ban gane ko layi ɗaya ba, wasu alamomi kamar ƙugiya, wasu kamar tsutsa. Amma na san jan biro. Shafukan farko jajur suke, malami ya kashe kusan komai. A tsakiya jan ya ragu. A shafuka goma na ƙarshe sau biyu kawai na gan shi. Na tambaye ta to me ya kada ta. Ta ce makin gwaje-gwajen farko ne ya ja ta ƙasa, lokacin da take zirga-zirgar jinyar babanta.

Bayan la'asar na sa hijabi na tafi zauren wan maigidana da littattafan. Shekara ashirin da shida ina gidan nan ban taɓa mayar masa da magana ba. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe masa shafi-shafi.

Ya ce, "To mi zan gani nan? Ta faɗi ko ba ta faɗi ba?"

Na ce, "Ta faɗi, Yaya. Amma dubi inda ta taso da yadda take tahowa."

"Ke yanzu har kin san lissafin jami'a?"

"Ban sani ba. Na dai iya ganin abin da ke ƙaruwa."

Ya rufe littafin, ya ce ya riga ya yi magana, in na mayar da ita ba da yawunsa ba, kuma kada a zo masa da kuka. Muryata ba ta tashi ba, ban iya hayaniya ba. Na ce masa na ji, Allah ya huci zuciyarsa, amma za ta koma.

Da gari ya waye na dama mata fura, na ƙulle mata ƙuli-ƙuli da yaji. Akwai ƙofar baya, inda katanga ta zube, da mun bi ta can ba wanda zai gan mu. Na ɗora jakarta a kaina, na sa ta gaba, muka bi ta zaure. Yana zaune da carbinsa. Na ce, "Yaya, ina kwana. Za ni raka ta tasha."