Yadda Surukata Ta Koya Mini Iyo

Ni 'yar tudu ce. A wani ƙauye bayan Birnin Yauri aka haife ni, inda ruwa mafi zurfi da na sani shi ne na rijiyar gidanmu, shi ma daga sama nake leƙa shi. Aure ya kai ni tsibiri cikin Gungawa, mutanen da ɗansu ke iya iyo tun bai iya ɗaura wando ba. Shekara biyu na yi a can ban bari kowa ya gane ban iya ruwa ba. Wanki a bakin gaɓa nake yi, wanka kuwa sai in ɗebo a tulu in zagaya bayan ɗaki. Matan gidan suna yabona wai ina da kunya, alhali tsoro ne tsagwaronsa.

Shekarar da aka toshe kogi a Kainji ina goyon ɗana na fari. Ma'aikata suka zo suka shafa lamba a ƙofofinmu, suka ce ruwa zai cinye tsibirin, an gina mana gidajen siminti a tsallake, kuma jirgi mai inji zai zo ya kwashe mata da yara da tsofaffi. Maza suka yi gaba a kwale-kwale da hatsi da awaki da irin albasa, har da maigidana. Mu kuwa aka ce mu ɗaure kaya mu jira.

Muka ɗaure, muka jira, jirgi shiru. Kowace safiya sai mu tarar ruwa ya ci wani abu. Ya fara da lambunan albasa, ya bi da hanyar maƙabarta. Macizai da ɓeraye suka riƙa hawowa inda muke, su ma gudu suke yi. Gaɓar da a dā nake hango mutum a kanta har in gane launin rigarsa ta koma wani siririn zare. Na daina iya cin abinci. Abin da ke cina ɗaya ne: in aka ɗora mu a kan wannan ruwan wani abu ya faru, ni da ɗan da ke bayana tare za mu tafi ƙasa kamar dutsen niƙa. Ga shi ɗan fari ne, ba a nuna damuwa da shi a gaban manya, sai na yi ta haɗiye maganar.

Surukata, wadda muke kira Inna, wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, Hausarta a karye amma zaginta a miƙe. Ba mu cika shiri ba. Rana ta huɗu da fara jira, ƙwaryata ta suɓuce ruwa ya ja ta, bai fi taku biyar ba, inda ko gwiwa ba zai kai ba. Na tsaya ina kallonta tana tafiya. Ashe Inna na bayana.

"Ke ɗiyar tudu, ba ki iya ruwa ba?"

Na fara kame-kame, wai ƙwaryar ta tsufa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce tunda jirgin gwamnati bai ga damar zuwa ba, ita ba za ta zauna tana kallon hanya ba, in kwance goyo in ba matar wan mijina, in biyo ta.

A tsohon lambunta ta shigar da ni, da babbar gora ta masunta a ƙirjina. In tuɓe zuwa ɗaurin ƙirji a gaban uwar mijina ma wani tashin hankali ne, amma ruwa na kai mini wuya na manta da kunya. Na sha ruwa har ta hanci. Na yi kuka, na kira uwata da ke can tudu, na rantse wani abu ya taɓa mini ƙafa, don kowa ya san akwai dorina a kogin nan. Inna ta ce ganyen albasarta ne, in rufe mata baki in buga ƙafa. A kwanakin nan na tsani tsohuwar nan har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

Safe da la'asar muke shiga. Matan da suka fara da dariya suka koma suna karɓar mini yaro ba tare da na roƙa ba. Da farko in na gaji ina taka kunyoyin lambun in huta. Bayan kwana uku na miƙa ƙafa na ji babu ƙasa, kuma a ranar ce ta fizge gorar ta wurga gefe. Na nutse, na taso, na sake nutsewa, tana iyo kusa da ni ba ta miƙo hannu ba. Yadda na kai gaɓa ban sani ba, na dai kai, ina amai ina rawar jiki. Ta ce iyona irin na akuya ne, amma akuya ma tana fita.

Jirgin bai zo ba har ruwa ya taɓa dangar gidanmu. Mazanmu suka gaji, suka dawo da kwale-kwale. Aka loda mu da tukwane da tabarmi har bakin jirgin ya kusa shafar ruwa. Zan shiga ke nan Inna ta ce in ba ta yaron. Ban taɓa yi mata musu ba sai ranar. Na ce ai na iya yanzu. Sai ta sa hannu ta kwance majanyin da kanta, ta goya shi, ta zauna a gabana.

Ban taɓa jin tsoro irin na tsallakawar nan ba. Muna bi ta kan itatuwan da muke shan inuwarsu, ina hango rassansu a ƙarƙashinmu. A tsakiya ƙasan jirgin ya gogi kan wata tsamiya, muka karkata, ruwa ya kwararo kan cinyoyinmu. Babu wadda ta yi ihu, sai salati ƙasa-ƙasa. Maigidana ya tokare da filafili har muka zame. Ni dai idona na kan ƙeyar ɗana a bayan tsohuwa, hannuna a miƙe, bai kai gare shi ba.

Da muka sauka ta kwance shi ta miƙo mini. Haushi bai sake ni ba, na tambaye ta me ya sa ta wahalar da ni kwana da kwanaki tunda ita za ta ɗauke shi.

"Hannu biyu gare ni," in ji ta. "In jirgi ya kihe, guda na iyo, guda nashi. Babu na ukku da zan kama ki. Shi yas sa."

Ta juya ta shiga neman tukunyarta cikin kaya. Ashe tun ranar da ta ga ƙwaryata ta tafi ta riga ta zaɓi wanda za ta ceta a cikinmu, kuma da ni ce ita, shi zan zaɓa.