Bangon Soso a Ɗakin Dije

Tun farko in faɗa, wawan wannan labari ni ne, kada wani ya wahala wajen nema.

Ranin da na bar makaranta daga aji huɗu, Baba ya tayar da ginin ɗakin Inna a ƙauyenmu kusa da Makoɗa. Mu yara aka bar wa kwaɓa. Mu ɗebo ƙasa daga kududdufi a kan jaki, a zuba ruwa da ciyawar ramno, mu shiga muna tattakawa har gwiwa, ƙaya na sukarmu. Mata na kawo kunu, manya na mulmula tubali suna jerawa a rana, mu kuwa da an juya baya sai jifa da curin laka. In bango ya karkace, Baba ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ƙara masa nan, laka ba ta ƙin gyara." A shafe da tafin hannu, magana ta ƙare.

Bara ɗana ya aiko daga Kano da wasu allunan bango, katako gefe da gefe, soso a tsakiya, wai zafi ba ya ratsa su. Ya ce in jira ma'aikacinsa ya zuba siminti, ya ɗaure su da ƙarfe. Ni masani guda in jira yaro? Na rushe tsohon ɗakin matata Dije, na yi mata alkawarin sabo kafin damina, ta koma kwana a rumfa. Na haƙa tushe irin na Baba, na kakkafa allunan, inda suka ƙi haɗuwa na cusa laka. Ashe allo ba ya jin lallashi. Hadarin farko da ya taso, iska ta ɗauki bango biyu ta kai gonar maƙwabci, ruwa ya jiƙa katifar Dije sharkaf.

A da ginin ɗaki ɗaya kan tara unguwa, a ci a yi raha. Yanzu sai mota da mai awo. Ina cikin yi wa Dije wannan bayani tana matse zannuwa, na ƙara da cewa kayan zamani ba su da nauyi.

Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Malam, shi allon iska ce ta ɗauke shi. Kai me ya ɗauke ka?"