Tukunyar Gwaten Dakta Madina

Ƙanwata Madina dakta ce, amma ba irin wadda za ka kai wa ciwon ciki ba. Na gaji da yi wa mutane wannan bayani. Ita aikinta jini ne. A ɗebo shi, ta sa shi a gaba a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ta yi ta leƙensa, sannan ta rubuta abin da ta gani a buga a mujallar masana. Ni Kubra, yayarta, atamfa nake sayarwa, kuma ni na goye ta, saboda haka ina da ikon ba da labarinta yadda na ga dama.

A unguwar Gangare aka haife mu, a gidan da kakanmu ya gina tun zamanin haƙar kuza. Tun tana ƙarama Madina ta cika ƙarƙashin gadon Inna da kwalaben da ta tsinto, wannan da ruwan kwata, wancan da mataccen ƙwaro, wai tana so ta ga abin da za su zama. Karatu kam ba a magana. Amma girki, Allah ya ba kowa nasa. Ita kaɗai na sani da ta taɓa ƙona ruwan zafi: ta ɗora, ta buɗe littafi, sai ƙaurin tukunya ne ya fito da maƙwabta. Da Nura ya zo neman aurenta sai da Inna ta gaya masa gaskiya, ya ce ya ji ya gani. Har gobe shi ke dafa shayi a gidansu na Kabong.

Takardar bincikenta ta farko a kan yadda za a adana jinin gwaji ne a inda babu firji, ko inda wuta ba ta zama, har a kawo shi gari bai lalace ba. Ta sha yawon ƙauyuka a kan wannan aiki, ta yi baƙi ta rame. Ranar da aka buga na yi guɗa har maƙogwarona ya dushe, na ɗauka an gama. Sai ta ce da sauran rina a kaba.

"Yaya, bugawa ba ita ce ƙarshe ba. Sai wani masani a wani wuri yana rubuta tasa, ya ce ga abin da Madina ta gano, a kai na ɗora nawa. Shi ne ambato. Akwai shafin da ke ƙirgawa a intanet. Da shi ake sanin ko aikinka ya amfani wani."

"To mutum nawa suka ambace ki?"

"Ba ko ɗaya tukuna."

Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, shafin nan bai motsa ba. Kullum kafin ta karya kumallo sai ta duba waya, ta kife ta. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, don na san zafin ka baje haja a wuce ko tayawa ba a yi ba.

Ranar sunan jikar Inna abin ya faru. An ɗora babbar tukunyar biki a tsakar gida, gwate yana ta zaɓalɓala, ƙamshin yakuwa da gauta ya cika lungu. Ni da bakina da ba ya shiru na ce mata, "Dakta, har yanzu masanan ba su ji labarinki ba?" Mata suka kwashe da dariya. Madina ta miƙe, ta nuna tukunyar da ludayin da ke hannunta.

"Na yi wa Allah alkawari, duk wanda ya ambaci takardar nan, cikin tukunyar nan guda zan dafa gwate da hannuna in raba sadaka."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na ji. Wanda kika yi wa ma ya ji."

Ambato na farko daga Bangladash ya zo. Madina ta kira ni tana ihu a waya, na ɗauka gobara ce. Ran Asabar aka kai mata tukunyar gidanta a Kabong, ta hura wuta a bayan gida. Na ce in taya ta, ta ƙi, wai da hannunta ta ce. Na koma gefe ina kallon ikon Allah. Tsakin ya yi gudaji, gishiri ya yi gabas, ganye ya yi yamma. Maƙwabciyarta Theodora, da muke kira Maman Chinonye, mai shagon kayan masarufi, ta ɗanɗana ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce, "Dakta, abeg, sadaka ne ko hukunci?"

Haka aka loda shi a keke mai ƙafa uku zuwa tashar masu keke ta Tina Junction, don can ba a rasa mai jin yunwa. Shugaban masu keke na wurin, wani dogo mai suna Robert, shi ya fara karɓa. Ya cinye tas, ya share baki, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Oga Dakta, kai ne ya dafa? Allah ya ƙara ilimi." Bai ce Allah ya ƙara girki ba, kuma duk mun lura.

Na biyu ya zo, na uku ya biyo baya, kowane da tukunyarsa da murnarsa. Hannunta ya fara faɗawa, har gwaten ya soma kama da gwate. A lokacin daɗi muke ji duka. Inna takan tambaya, "Yau daga wace ƙasa?" A ce Kenya, ko Peru, ta ce Allah ya yi musu albarka, kamar surukanta ne.

Sai wata babbar ƙungiyar masu bincike da ke aiki a ƙasashe masu zafi ta ɗauki hanyar Madina ta yi amfani da ita, ta kuma faɗi inda ta samo. Shi ke nan. Duk wanda ya bi sawunsu sai ya ambace ta. Kafin mu farga ambato ya haura arba'in, bai tsaya ba ya doshi ɗari. Abokan aikinta suna ta yi mata barka, ita kuwa tukwane take gani.

Ta je wa Inna da dabara, wai ko za ta riƙa yi a ƙaramar tukunya. Inna ta ce, "Wacce kika nuna da ludayi?" Inna ta ce magana zarar bunu ce, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Girki ya tashi daga Asabar kaɗai ya haɗa da Lahadi, daga baya har da Laraba. Madina ta koma ƙamshin hayaƙi. Mai leƙen jini ta koma mai tsince alayyafo. Sabon binciken da ta fara ya tsaya cak, domin aikin yana son mutum ya zauna a kansa, ita kuwa rabin ranta yana bakin murhu. Shugaban sashensu ya kira ta ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: tsohuwar takarda ta yi suna, sun gode, amma jami'a sabon aiki take son gani. In zangon karatu ya ƙare ba ta miƙa komai ba, ɗakin gwajin da take riƙe da shi za a ba wani.

Wata Laraba na same ta zaune gaban murhu, waya a cinya, idanu jajur. Na ɗauka hayaƙi ne.

"Yaya, uku suka ƙaru yau. Wallahi da asuba roƙon Allah na yi su daina."

"Su daina me?"

"Ambato na."

Na tsaya ina kallonta. Yarinyar da ta yi shekaru tana jiran mutum ɗaya ya kira sunanta, yau ita ke roƙon duniya ta manta da ita. Na ce ta bar alkawarin mana. Ta ce da ta saɓa wa Allah gara ta rasa ɗakin. Taurin kan nan na gidanmu ne, na san ba ya lanƙwasuwa. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci sai na nemi wanda zan sauke wa.

Na bi tukunyar zuwa Tina Junction. Ga su nan sun yi layi da robobi, masu keke, masu tallan ayaba, 'yan dako, kowa baki har kunne. Na hau kan benci.

"Ku ci! Ku ci da kyau! Ilimin ƙanwata kuke cinyewa!"

Robert ya ajiye cokali ya ce, "Hajiya, lafiya? Wane ne ya taɓa ka?"

Na zazzage musu komai, tun daga ludayi har zuwa shugaban sashe. Ashe ba wanda ya san dalilin da ya sa ake raba gwaten. Wasu sun ɗauka takarar kansila Madina za ta tsaya. Robert ya yi ta juya maganar, sannan ya ce, "Tsaya. Wato in wani a Peru ya karanta takardan Dakta, mu a nan mu ci abinci?" Na ce haka ne. Ya ce, "In kuma an ƙwace ofis nasa, ba sabon takarda?" Na ce babu. Ya juya ya dubi mutanensa ya ce, "Kai, wannan ba ƙaramin magana ba ne."

Washegari Gangare ta ga abin da ba ta saba gani ba. Kekuna suka cika lungunmu har mai ruwa ya rasa hanya. Robert a gaba, Maman Chinonye a bayansa da ɗankwalinta na zuwa coci, suka durƙusa gaban Inna suna roƙo ta sassauta wa Dakta. Inna ta ce ba ita aka yi wa alkawari ba, ba ta da ikon kwancewa. Amma ta aika aka kira limamin unguwa. Malam ya saurara har ƙarshe, yana ta danne dariya a cikin gemu. Ya ce alkawari yana nan, ba tukunya ɗaya da za a yafe. Sai dai bai ga inda aka hana a taimaki mai ɗauke da kaya ba. Ta sa hannunta a kowace tukunya, ta tuƙa, ta yi niyya, sauran aikin jama'a su kama.

Maman Chinonye ta ce, "Malam, Allah ya biya ka. Abincin ma zai fi daɗi." Na ce ai dama hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Ba mu gaya wa Madina ba. Ran Asabar ta fito da safe ɗaure da zanin aiki, ta tarar da murhu huɗu suna ci a bayan gidanta. An aro tukwanen biki daga Gangare, dukansu girman ta Inna. Matan unguwarmu suna gyaran tsaki, matan cocin su Maman Chinonye suna yankan ganye, ana ta gardamar ko a sa gyaɗa da wuri ko a jinkirta. Inna tana kan kujera tana ba da umarni. Ta miƙa wa Madina muciya ta gaya mata abin da Malam ya ce.

Madina ta bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya tana tuƙawa, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ina yi ina faɗa, don kada a raina ni. Tana gama ta huɗu Maman Chinonye ta karɓe muciyar ta ce, "Oya, ya isa. Je ki yi aikinki." A ƙofar gida keken Robert na jira. Bai sauke ta ba sai a bakin ɗakin gwajin.

Haka aka ci gaba. Ambato yana ƙaruwa, tukwane suna bin sa, Madina tana tuƙawa ta wuce wurin jininta. Masu keke suka riƙa tsayar da ni a hanya suna tambaya, "Hajiya, mun kai nawa?" Mun kai, in ji su. Kafin zango ya ƙare ta miƙa sabon aikin, ɗakin ya zauna a hannunta.

Ranar da aka buga sabuwar takardar ta kira ni. Ban bari ta gama sallama ba.

"Madina, ki gaya mini gaskiya. Ba ki nuna wata tukunya ba dai?"

Ta yi dariya.

"Ban yi alkawarin komai ba, Yaya. Su Oga Robert ne suka yi. Sun taru a tasha jiya, Musulminsu da Kiristansu. Sun ce duk wanda ya ambaci wannan, mara lafiya ɗaya za su kai asibiti kyauta."

Na nemi wuri na zauna, waya na kunnena.

Ta ce, "Yaya, kina ji na? Ki taya ni addu'a su ambace ta da yawa."