Rumfar Motar Taubashina

Shekarun baya, a shekarar da Najeriya ta canja hannun tuƙi, taubashina ya bar mini amanar motarsa ya tafi Kano jan babbar mota. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, gidajenmu na kallon juna a Madarunfa, kuma tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. Na-Tawada yake ce mini, don wai ko tuwo na taɓa sai ya yi baƙi.

Motar ƙirar Ingila ce ta bayan yaƙin duniya na biyu, koriya, mai kujera biyu da dogon hanci, sitiyarinta a dama. Rumfarta ta tamfol ce, ana naɗe ta baya a sha iska. Wani Bature mai sayen gyaɗa da ya yi wa tuƙi a Katsina ne ya bar masa ita, ya ce kaɗan aka ƙera irinta. Tun da ta iso garinmu injin ya tsaya. Tana nan gindin tsamiya bisa duwatsu, shi kuwa kullum yana shafa ta yana cewa wata rana sai ta kai shi bakin tabkin Madarunfa.

Ranar tafiya ya ce, "Na-Tawada, ga amaryata nan. Kada ka rubuta mata laya, ka dai hana awaki hawanta."

Na ce, "Amaryar da ba ta tashi ko an yi baƙi? Je ka, Allah ya tsare."

Da kaka na shanya irin gyaɗata a ƙofar gida, sai hadari ya taso bayan kowa ya cire rai da ruwa. Na duba hagu da dama ban ga abin rufi ba, idona ya faɗa kan rumfar. Na ce aro ne, yanzu zan mayar. Na kwance ta da ƙyar, na shimfiɗa, ko rabin gyaɗar ba ta rufe ba. Iska ta fizge ta, ta maka a kan ƙaya, tsohon tamfol ya kece gida uku. Gyaɗa ta jiƙe, kujerun mota suka sha ruwa. Don in rufa wa kaina asiri na lulluɓe motar da zana, zanar kuma ta kirawo gara.

Da taubashina ya dawo ya ɗaga zanar, ya daɗe yana kallo. Na faɗa masa gaskiya duka. Na so ya zage ni. Sai ya ce, "Ba komai, Malam. Allah ya ƙaddara."

Malam. Daga ranar haka yake kirana. Yana gaishe ni da ladabi, yana bina salla, in na tsokane shi sai ya yi murmushi ya tambayi lafiyar iyali. Ban san girmamawa tana ciwo ba sai a lokacin.

Tamfol irin nata babu a Maraɗi, babu a Katsina. Abin da nake da shi ɗaya ne: in an yi layya mutane kan kawo mini fatu. Na ƙudurta zan tara na jajayen awaki, waɗanda duniya ta san kyan fatarsu, a jeme, a ɗinka wa motar rumfa da kujeru. Sai fari ya shigo, masu yanka suka yi ƙaranci. Layya huɗu na yi ina tarawa. Maiɗakina ta ce, "Malam, mutane na sai da fata su sayi hatsi, kai kana yi wa ƙarfe riga?" Na ci gaba da tarawa.

Wata ranar kasuwar Ɗan Issa da taubashina ba ya gida, na je na auna ƙarafan rumfar da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, yadda muke auna farin yadi. Na rubuta da ajami tsaf, har da wasulla, ina jin kaina injiniya. Na kai wa wani baduku a Maraɗi, ya karanta, ya ce an gama. Abin da ban lura da shi ba, ni dogo ne, shi kuwa gajere ne ƙwarai, kuma da nasa hannun ya auna.

Ranar da na kawo kayan, bayan la'asar, na yi wa taubashina sallama na ce ya fito. Kujerun suka zauna daidai, don tsoffin na kai aka kwaikwaya. Ya shafa su. Muka ɗaura rumfar ta baya, muka ja ta gaba. Ta tsaya. Na ja, na ƙara ja, na yi bisimilla na sake ja. Tsakaninta da gilashi akwai fiye da taƙi guda, sararin sama na leƙowa.

Ya ce, "Wa ya auna?"

"Ni."

"Wa ya yanka?"

Na faɗa masa. Ya san mutumin. Ya dubi dogon hannuna, ya dubi giɓin, sai na ga kafaɗunsa na rawa. Dariya ta ƙwace masa har ya zauna a ƙasa.

"Na-Tawada! Shekara huɗu, ka ɗinka wa amaryata hula ka ce riga ce!"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na juya baya ina gyara rawani don kada ya ga idona.

Ya shiga gida ya fito da fata guda jemammiya, ta akuyar layyarsa ta bara. Ya ce ya san abin da nake yi tun layya ta biyu, maiɗakina ta faɗa wa tasa. "Na aje wannan ne don na san ka. Ba ka taɓa yin abu ya cika ba."

Da ita aka toshe giɓin, kuma wannan karon igiya muka kai wa baduku. Injin bai taɓa tashi ba. Amma da damina ta kewayo muka sa tayoyi, muka ɗaura mata shanun noma biyu, ya riƙe sitiyari, ina gefensa, har bakin tabki.

Har yau in aka ba ni ajiya nakan tuna cewa da kalmar aro na fara cin waccan amanar. Ya rigaye ni, Allah ya jiƙansa. Amma a bakin tabkin na tambaye shi ko na fita haƙƙinsa. Ya ɗaga kai ya dubi facin fatarsa a saman kanmu, ya ce, "Ka fita, Na-Tawada. Sauka ka juya shanun."