Gambar Bakin Kanal

Sai da furfura ta cika mini kai na shiga ajin manya na koyi rubutu, to yau ga ranarsa. Haushi ne ya zaunar da ni, haushin abin da aka yi mini a gona bana da rani.

Muna yara, a ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure, babu kanal na noman rani, babu ruwan dam ɗin Tiga. In ka fita bayan gari ciyawa ce iya ganinka, gamba da shuci da tsintsiya. Gamba ta fi namiji tsawo. Ita ce iyakar gonar kowa, da ita ake saƙa zana, da ita ake rumbu. Kakarmu ta wajen uba, Iya Tabawa, ita ke tara mu bayan magariba, an sauke tuwo, wutar kara ba ta gama mutuwa a murhu ba. Ba ta iya zama haka kawai. Tana ɓarar gyaɗa tana magana, mu kuma muna satar gyaɗar muna cusawa a riga.

In za ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ga wata nan ta iso, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna, Iya."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta Ruwa. Ta ce Ruwa baƙo ne na kirki, kowa na murna da zuwansa, amma yana da wani hali: duk gidan da ya sauka, in zai tafi sai ya ɗebi ƙasar gidan ya ɓoye a riga. Ƙasa ta ga tana ta ramewa, ta kai kuka wurin wata doguwar tsohuwa, sunanta Gamba. Gamba ta ce, "Ba ni wurin zama a bakin ƙofarki, taku ɗaya, ba ƙari." Ta zauna, ta nutsa yatsun ƙafarta. Duk ran da Ruwa ya zo fita sai ta tare shi: "Sannu baƙo. Zazzage rigarka." Ya zazzage, ya wuce yana gunaguni.

In Iya ta zo nan, sai ta cafko rigar wanda ke kusa da ita ta girgiza, gyaɗa ta zube. Mu yi ta dariya har da faɗuwa.

To, sai wani manomi ya dubi wurin zaman tsohuwa ya ce, wannan taku ɗayan ai dawa ce zangarniya goma. Ya tuge ta ya yar. Da damina Ruwa ya dawo, ya leƙa, ya ga ba kowa a ƙofa. Ya cika riga, ya cika wando, ya koma ya kirawo 'yan'uwansa. Kafin kaka gonar ta zama kwazazzabo, kuraye ke kwana a ciki.

Na taɓa tambayarta, "Iya, ina tsohuwar ta tafi?" Ta harare ni ta ce, "Oho. Ke in aka kore ki, tsayawa za ki yi kina faɗin inda za ki?"

Kuma ba a baki kawai ta tsaya ba. A gidanmu ba mai sa wa gamba lauje sai kanta ya bushe, irin ya zuba ƙasa. In za a yanka, a bar taƙi guda. Da idona na ga ta bi baffanmu da muciya, yana da mata da 'ya'ya, don ya cinna wa gamba wuta wai yana farautar gafiya.

Aka zo aka haƙa kanal, aka yanka ƙasa fegi-fegi. Ban ce ba mu ci amfani ba, tumatir da shinkafa sun rufa mana asiri. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mini fegi ɗaya wajen Kadawa, a jikin wata ƙaramar hanyar ruwa. Gaɓar ta ƙasa ce, ba siminti, shi ya sa ya dasa gamba a jikinta. Ɗana na fari ke noma mini. Ba zan rubuta sunansa ba, ba a yi, amma ya san kansa.

Wata safiya na je, na tarar gambar ta yi jawur kamar an sheƙa mata tafasasshen ruwa, an bi da fartanya an tone tushen. Ga ɗan nawa tsaye a gefe.

"Kai! Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Inna. Magani na fesa. Ɓeraye ke ɓuya a ciki, kuma layi biyu na tumatir zai shiga wurin."

"Layi biyu! Ubanka da ya dasa ta, ƙirga layi ne bai iya ba?"

"Haba Inna, zamani ya canja. Kowa ya fesa tasa."

"To kowa ya jira ruwa."

Ba a jima ba kuwa. Dashen tumatir ɗin yana sati uku aka sako ruwa da ƙarfi, gaɓar tana tsirara, ta ɓalle. Ruwa ya share mini tumatir, ya tsallaka ya binne albasar maƙwabcinmu Malam Hadi da laka. Ni da tsufana na je na durƙusa a zaurensa ina ba da haƙuri.

Aka toshe wurin da buhunan ƙasa. Na ce buhu ruɓewa yake, a nemo mini gamba. Kwana uku muna yawo. Ba ta a iyakokin gonaki, ba ta a burtali, don burtalin ma an nome shi. Zana yanzu sai an kawo ta a mota daga wata duniya. Kun san inda muka same ta? Maƙabarta. Na je wurin liman, ya ce, "Baba, ta wajen shinge ki ɗiba, ta ciki ki bar wa masu wurin." Na sa ɗan nawa, da gemunsa da komai, ya ɗauko tushen a ka, muka bi ta tsakiyar gari. Ya ce a kira mai babur, na ce a'a. Muka dasa ta a gaɓar.

Da ina yarinya na zaci labarin Iya na mai haɗama ne. Yaron nan kuwa ba mai haɗama ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ba a gaya masa ba ne. Wa zai gaya masa? Ni ce, kuma lokacin da ya kamata in zaunar da shi ina can ina cika kwandunan tumatir. Gari guda, da malamansa da 'yan bokonsa, a ce matattu ne kaɗai suka iya barin ciyawa ta zuba iri! Tir.

Na gaya masa a gaban ƙannensa, fegin nan nawa ne. Ran da na ƙara ganin tankin feshi a gaɓar nan, Malam Hadi zan bai wa ya noma. Ya tashi ya fita. Jiya da na leƙa gonar, na tarar ya kewaye dashen gambar da ƙaya saboda awaki.